Uwar da ke renon ƴaƴa ita kaɗai: haƙƙinta yana wuyanmu

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, babu unguwar da mutum zai shiga a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa bai tarar da macen da ke riƙe da ƴaƴa ita kaɗai ba. Wata mijinta ya rasu, wata sakinta aka yi, wata kuwa maigidan ya tafi biɗa Libiya ko Abijan, shekara uku ba saƙo ba labari. Tana tuyar ƙosai tun asuba, tana wankau da dakau, don ta biya haya da kuɗin magani. Abin da take samu daga gare mu shi ne zunɗe: in ta fita, a ce yawo take, in ta ɗaura sabon zane, a ce wa ya saya mata?

Mu sani wannan magana ba ƙarama ba ce wurin Allah. A Suratun Nur, aya ta 4, an yanke wa mai jifar kamilar mace da zina, ba tare da shaidu huɗu ba, bulala 80, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Mu kuwa mun maida wannan laifi abin hira a bakin rijiya da majalisar shayi, wani lokaci ma a ƙofar masallaci.

To, wa ya kamata a tuhuma? Allah Maɗaukaki ya ɗora ciyarwa da tufatarwar uwa mai shayarwa a kan uban yaro, a Suratul Baƙara, aya ta 233, kuma a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, ya umarci a biya wadda aka saka ladan shayarwa. A mazhabarmu ta Imamu Malik, kamar yadda kowane ɗalibi ya karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaid, uwa ce ke da haƙƙin reno bayan saki, namiji har ya balaga, mace har a kai ta ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta yi wani aure ba. Ciyar da yaran duk tsawon wannan lokaci kuwa na uba ne. Mu dubi abin da muke yi. Ko dai uban ya ƙwace yaro da an yaye shi, ya damƙa wa kishiyar uwarsa, ko kuma ya bar mata su duka, ko tiya guda ta hatsi ba ya aikowa, alhali yana shirin sabon aure. Wannan al'ada ce, kada a jingina ta ga Shari'a.

Akwai kuma wadda ta haihu ba da aure ba, kuma nan ne harshe ya fi kaifi. Zina babban zunubi ne, babu mai sassauta shi. Amma mu tuna da matar nan Bagamidiya da Imamu Muslim ya ruwaito labarinta. Ta zo da kanta ta faɗi laifinta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya maida ta har ta haihu, ya sake maida ta har ta yaye. Ta dawo da yaron yana riƙe da gutsuren gurasa, aka ba wani musulmi riƙonsa. Da Halidu ɗan Walidu ya zage ta lokacin tsayar da haddi, sai Annabi ya kwaɓe shi, ya shaidi girman tubarta, ya kuma yi mata salla. Idan Halidu bai samu izinin zagi ba, ni da kai wa ya ba mu? Shi kuwa yaron, me ya yi da za a riƙa kiransa da mummunan suna har cikin makarantar allo? Tsoron wannan gori ne ke sa wata yarinya ta jefar da jaririnta, namijin da ya yi mata cikin kuwa yana yawonsa, ba mai nuna shi.

Manzon Allah ya auri Ummu Salama tana da marayu, ya rene su a gidansa; ɗanta Umaru a gabansa ya koyi ladabin cin abinci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya daidaita mai ɗawainiya da gwauruwa da miskini da mai jihadi saboda Allah.

Saboda haka muna kira ga limamai da masu unguwanni: duk sakin da ya zo gabanku, kada a watse sai an yanke abin da uba zai riƙa bayarwa kowane wata, gaban shaidu. Masu fidda zakkar hatsi bayan kaka, da masu rabon naman layya, su fara da waɗannan gidaje, a kai musu cikin sutura, ba sai sun zo ƙofa sun tsaya ba. Wanda kuma ya san ƙanensa ko ɗansa ya yi watsi da ƴaƴansa, ya kira shi a yau ya tambaye shi abin da suka ci jiya.

Allah ya gafarta mana abin da harsunanmu suka ɗauko.