Tan Tara Aka Rubuta a Ƙofa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Tambuwal, kan titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, ya san yadda 'yan kamasho ke kiran motoci da lamba kamar sunan yanka: 504, 505, J5, 911. Yaron mota ya haddace su tun kafin ya iya riƙe sitiyari. Sai dai kaɗan ne suka san cewa waɗannan lambobin magana ce maƙera suka yi wa mai saye.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fara tsarinsa a 1929 da mota mai lamba 201. A tsarin na wancan lokaci, lambar farko tana nuna girman motar, ta ƙarshe tana nuna zubi na nawa ne, sifili kuma a tsakiya. Shi ya sa 404 ta 1960 ta haifi 504 da ta fi ta girma a 1968, 505 ta biyo baya a 1979. Kamfanin ya riƙe sifilin nan da ƙarfi, har ya sa Porsche na Jamus ya sauya sunan sabuwar motarsa daga 901 zuwa 911 a 1964. Da masana'antar PAN ta Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a 1975, sai 504 ta zama motar malamin makaranta, ta hakimi, ta haya, kuma akori-kurarta ta shiga ƙauyukan da ko kwalta ba su da ita.

Amma lambar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta babbar motar Marsandi mai guntun hanci, 911, wadda ba ta haɗa komai da ta Porsche ba sai lamba. Tun 1963 kamfanin Mercedes ke sa wa manyan motocinsa lamba mai fassara kanta. Ta gaba nauyi ce da tan, biyun ƙarshe kuma ƙarfin inji ne idan aka ninka su sau goma. Ke nan 911 tana cewa: tan 9, ƙarfin doki kusan 110. Yayarta 1113 tan 11 ce da ƙarfin doki 130. Kuma tan taran nan ba na kaya kaɗai ba ne. Har da nauyin motar kanta, da bodi, da mai, da direba. Abin da ya rage wa buhuna bai kai yadda ake zato ba.

To a dubi abin da ke fitowa daga Kebbe da Kuchi bayan kaka. Buhunan gero da dawa da shinkafa sun haura bodi, an ɗaure da igiya, sannan mutane sun hau can ƙololuwa suna reto. Bakanike ya ƙara wa motar sifirin, sai ta daina zama a ƙasa, mai ita ya ce ai yanzu ta ƙara ƙarfi. Birki fa? Birki yana nan yadda aka ƙera shi, na tsayar da tan tara. Ranar da akuya ta gitta a Dogon Daji, ko taya ta fashe a gangara, shi za a nema ya yi aikin da ba a yi shi dominsa ba.

Ba na ɗora wa direba laifin shi kaɗai. Gas ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, shingaye a hanya kowanne da abin da yake ci, mai kaya kuma yana son a kwashe masa a sawu ɗaya. Manomin da ya hau saman lodi ba don daɗi ya hau ba, kuɗin ƙaramar mota ne babu. Duk da haka, idan mota ta kife, ba mai buhunan ake ɗauka zuwa asibiti ba. Yaran mota ne, da tsoffin da za su cin kasuwa.

Akwai wata lamba kuma da ba a gani sai an sunkuya: wadda aka buga a jikin ƙarfen casis. A motocin zamani haruffa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q, don kada a rikita su da 1 da 0. Uku na farko suna faɗin maƙeri, VF3 na Peugeot, WDB na Marsandi. Ana iya sauya fenti, a sauya inji, a manna tambarin babbar mota a ƙofar ƙarama, amma wannan sai an kankare, kuma kankara tana barin tabo. Ita kwastan ke dubawa. Kusa da ita, a jikin ƙofa ko cikin gidan inji, yawanci akwai ɗan faranti da maƙeri ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, da kilo, har da rabon kowane gatari, na gaba da na baya.

Mai sayen tsohuwar mota a Sakkwato ko Jega yakan sa yaro ya goge lambar casis da tsumma, ya gwada ta da takardu harafi bayan harafi, don kada a sayar masa da ta sata. Farantin nauyin yana nan gefe, ƙura da baƙin mai sun rufe shi, kuma da tsumman nan ɗaya za a iya goge shi kafin a fara lodi.