Kewar Takarda Muke Yi, Ko Kewar Amana?

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin dattawa, har ma da tsararrakina: wai tun da waya ta shigo hannu, albarkar karatu ta tafi. Ni ma ina da wannan kewa. A ɗakina akwai littafin da na gada daga mahaifina, bango ya yage, gefen shafukan cike da ajamin da ya rubuta da hannunsa. In na buɗe shi sai in ji kamar yana zaune a gabana. To amma mu tambayi kanmu: takardar muke kewa, ko wani abu da take ɗauke da shi?

Ka sani, ita ma takarda baƙuwa ce. Mutanen Sin ne suka fara yin ta, ba ta yaɗu a Samarƙandi da Bagadaza ba sai a ƙarni na 8. Wadda malamanmu na ƙarni na 19 suka yi rubutu a kanta, da yawa daga Italiya take, fatake ke ƙetaro Sahara da ita ta Tarabulus. Ɗaga ta ga hasken rana, za ka ga tambarin jinjirin wata uku. Haka injin ɗab'i: Gutenberg ya fara aiki da shi wajen 1450, amma a Istanbul sai a 1727 aka ba Ibrahim Muteferrika izinin buga littattafai, shi ma ban da na addini. Mu nan, sai a 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya, Abubakar Imam na editanta. Ashe abin da kake yi wa kuka yau, kakanka ya yi masa kallon baƙo.

Saboda haka, a ganina, abin da ya ɓace mana amana ce. Ɗauki littafi ka duba: ga sunan mawallafi, ga maɗaba'a, ga shekara. In ya yi ƙarya an san wanda za a kama, kuma ba ya iya shiga gidanka da dare ya goge abin da ya rubuta. Shi kuwa saƙon WhatsApp, waye ubansa? Ka tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaya wayoyi a Nijeriya wai a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Wa aka kama? Kowa cewa ya yi turo mini aka yi.

Kada ka ce na zagi waya. Takarda ma tana ɗaukar ƙarya, gara na cin ta, gobara na cinye ta. Ɗalibin ƙauye yau yana da littattafai a aljihunsa waɗanda kakansa sai ya taka zuwa Katsina ko Timbuktu kafin ya gan su. Laifin yana ga yatsan da ke turawa kafin ido ya gama karantawa.

To ɗan'uwa, in kewarka ta gaskiya ce, ka nuna ta a aikace. Duk abin da ya iso maka, ka tambayi wanda ya faɗa da inda ya faɗa. Abin da ba za ka yarda a buga da sunanka a ƙasa ba, kada ka tura shi. Littattafan gidanku kuma ka fito da su daga akwati, ka karkaɗe ƙura, ka zaunar da ɗanka ku karanta shafi ɗaya tare, domin littafin da aka kulle rabon gara ne.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.