Haƙƙin yara na tufafi a lokacin bazara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, bazara ta kama. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Tawa, Maraɗi da Damagaram. A Suratun Nahli, aya ta 81, Allah Ya lissafa rigunan da ke kare mu daga zafi cikin ni'imominSa, kuma malamai sun haɗu a kan cewa tufatar da ƙananan yara wajibi ne a kan uba. To, yaya magidanci zai ɗinka wa kansa shadda, ya bar ɗansa cikin rigar roba wadda ba ta shan zufa, har ƙurajen zafi su feso masa? Wasunmu ba su tuna da tufafin yara sai sallah ta gabato.

Ku sayo yadin auduga mara nauyi, fari ya fi, domin baƙi yana riƙe zafin rana. Iyaye mata, ku wanke shi kafin ku yanka, saboda auduga tana tsukewa. A yi ɗinkin da yalwa, mai rufe al'aura, a bar kalmasa mai faɗi wadda za a warware idan yaro ya ƙara tsawo. Wadda ba ta da keke, allura da zare sun wadatar, tsohon zanen atamfa ma yana fitar da rigar yaro.

Maza kuma kada su ga ɗinki a gida kamar ƙasƙanci ne. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa da kansa.