Nasiha ga iyaye game da ƴaƴanmu sababbin shiga jami'a

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, gidaje da yawa sukan cika da guɗa da ƴan barka. Bayan ƴan watanni sai a kai yaro tasha, a sa masa gari da ƙuliƙuli a jaka, a ce Allah Ya kiyaye hanya. Daga nan mafi yawanmu mukan ɗauka mun sauke nauyi, alhali a ranar ne nauyin ya fara.

Iyayenmu ba haka suke yi ba. Idan za su tura yaro gabas neman ilimi, uba ne zai kama hannunsa ya danƙa shi ga malami, ya ce ga amana. An san wanda zai tashe shi da asuba, an san wanda za a tuhuma idan ya lalace. (Cewa wannan tsari ya gurɓace a wurare da dama, magana ce ta wata rana.) To, mu hannun wa muke danƙa namu?

Ku dubi abin da yaron zai tarar. Ɗan Damagaram da aka tura Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya yi nisan kusan kilomita 900 da mahaifiyarsa. Ya ƙetare kogi zuwa Harobanda, inda zai ji Zabarmanci da bai saba da shi ba. A lise malami ya san sunansa, idan bai zo ba a nemi dalili. A nan kuwa zai shiga babban zauren da suke kira amfi, cikin ɗaruruwan ɗalibai, malami na magana da lasifika, wanda ya makara ya tsaya a bakin ƙofa. Ba mai kiran suna. Ɗakunan kwana ba su isa ba, kuɗin tallafi, ga wanda ya samu, yakan yi jinkiri, yajin aiki kuma yakan tsayar da karatu. Yaron da bai taɓa riƙe jika biyar tasa ta kansa ba, shi ne zai lissafa abinci da sabulu da kuɗin takardu. Babu kuma mai buga masa ƙofa da asuba. Sallar Asuba ce takan fara zubewa, karatu ya biyo ta.

Akwai kuskuren da ya kamata a gyara wa yara tun kafin su tashi. Wasu suna zaton tunda sun bar gida su matafiya ne. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, hukuncin tafiya ya yanke a kansa. Saboda haka ɗalibi mazauni ne: zai cika salla, Juma'a ta wajaba a kan namiji, kuma tsawon darasi ba uzuri ba ne na tara Azahar da La'asar da Magariba a zuba su lokaci guda da dare.

Ku kuma ƴaƴanmu, kun san Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukanmu. Ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Al-Laisi ce, wanda ya taso daga Andalus zuwa Madina wurin Imamu Malik. An ruwaito cewa wata rana aka shigo da giwa garin, ɗalibai suka watse kallo, shi kuwa bai motsa ba, domin ya san abin da ya raba shi da ƙasarsu, kuma ba giwa ba ce. Malik ya yaba hankalinsa. Giwar yau tana cikin aljihunku, tana kuma majalisar shayi har ƙarfe biyun dare. Ba mu ce kada ku yi abokai ba. Baƙo ba ya rayuwa sai da su. Amma abokin watan farko yakan zama abokin shekara uku, sai a duba kafin a zauna.

Mun ji wasu iyaye suna kafa hujja da cewa ciyar da ɗa namiji yana sauka daga wuyan uba idan ya balaga yana da lafiya. Haka yake a littattafanmu na fiƙihu, ita kuwa ƴa mace tana wuyan uba har mijinta ya tare da ita. Amma kai ne ka hana shi gona da kasuwa ka ce ya je ya yi karatu. Ta yaya za ka bar shi da yunwa ka fake da Risala? Wanda ya tura ƴarsa wani gari kuma ya yi wata uku bai tambayi me take ci ba, ya bar ƙofa a buɗe ga wanda zai tambaye ta da wata manufa. Kira ɗaya a mako bai kai kuɗin goro ba. Idan kun kira, kada ku tsaya ga maki. Ku tambayi inda yake kwana, da wa yake cin abinci, wane masallaci yake salla. Wanda ya faɗi jarrabawar zangon farko, kada a rufe shi da zagi, domin kunyar gida ce takan sa yaro ya ɓoye faɗuwarsa har shekara ta ƙare.

Sauran magana tana kanmu masu masauki. Tun shekarar 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa kowanne yana da jami'arsa, don haka ƴaƴan wasu suna zaune a unguwanninmu, suna salla a sahunmu, ba mu san sunansu ba. Muna kira ga kowane kwamitin masallaci da ke kusa da jami'a ya tsayar da dattawa biyu, namiji da mace, waɗanda uba daga Gaya ko Gure zai iya kira ya ce ga ɗana nan tafe. A rubuta sunayen sababbin ɗalibai, a san marar lafiya, a san wanda kuɗinsa ya yanke. Matalauci a cikinsu ya halatta a ba shi zakka. Gidan da ke da hali ya gayyaci mutum biyu cin tuwo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Allah Ya tsare mana su, Ya dawo da su da ilimi mai amfani.