Wanda Ya Tsira Shi Kaɗai, Ya Ci Nasara Ke Nan?

Akwai karin magana guda biyu da Bahaushe ya daɗe yana riƙe da su, waɗanda in ka ajiye su wuri ɗaya sai ka ga kamar hararar juna suke yi. Na farko shi ne, "So duka so ne, amma son kai ya fi." Na biyu kuwa cewa ya yi, "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe." Ɗaya yana gaya maka cewa idan ta yi zafi ranka ne farko, ɗayan kuma yana jan kunnenka cewa masifar da ka bari ta cinye maƙwabcinka tana nan tafe gare ka. Abin da nake so mu tattauna a wannan fitowa shi ne inda gaskiya take a tsakaninsu, kuma zan yi hakan ne ta hanyar duba wani wasa da aka ƙago a ƙasar Amurka, wanda mutum ɗaya yake yi shi kaɗai a kan tebur.

Sunan wasan Final Girl, watau "yarinyar ƙarshe". Wani kamfani mai suna Van Ryder Games ne ya fitar da shi a shekarar 2021, kuma Evan Derrick da A. J. Porfirio ne suka tsara shi. Asalin sunan daga fagen nazari ya fito. Wata malamar Jami'ar Kalifoniya, Carol J. Clover, ta lura cewa a yawancin finafinan ban tsoro na ƙasarsu, irin su Halloween na 1978 da Friday the 13th na 1980, makashi yakan bi samari da 'yan mata ɗaya bayan ɗaya har sai ya rage saura yarinya guda, wadda ita ce za ta tsaya ta fuskance shi. Ita ce ta raɗa wa irin wannan yarinya wannan suna a wata maƙala a 1987, sa'an nan ta faɗaɗa bayanin a littafinta na 1992.

Yadda aka tsara wasan yana da ban sha'awa. Akwai babban akwati mai ɗauke da dokoki da katunan aiki da ƙwayoyin nan masu fuska shida irin waɗanda ake jefawa a ludo, amma shi kaɗai ba ya wasuwa. Sai an haɗa shi da wani akwatin ƙari, wanda kowanne yake zuwa da nasa dodon da kuma wurin da abin zai faru. Alal misali, a wani akwatin dodon wani mahauci ne mai suna Hans da ya addabi wani sansanin hutu a daji. A wani kuma Dr. Fright ne, mai kai wa mutane hari cikin mafarki. Akwai kuma wanda ake kira Panic at Station 2891, inda wata halitta take ɓuya a jikin ma'aikatan wata tashar bincike cikin ƙanƙara, ta yadda wanda kake son ka ceta ma yana iya zama shi ne dodon.

Mai wasa shi ne yarinyar. A kowane zagaye yana da ƙayyadadden lokaci, kuma da wannan lokacin ne yake sayen katunan tafiya, ko neman makami, ko hutawa, ko kai sara. Kowane yunƙuri sai an jefa ƙwaya, in biyar ko shida ta fito ya dace, in ba haka ba ya yi asara ko ya samu rabi. A kan taswirar kuma an warwatsa waɗansu 'yan mutum-mutumi na katako, su ne sauran jama'ar da dodon yake farauta. Yarinyar tana iya jan mutum biyu a tafiya ɗaya ta kai su ƙofar fita. To amma dokar cin wasan guda ɗaya ce tak: ka kashe dodon kafin ya kashe ka. Ko da duk jama'ar nan sun halaka, muddin yarinyar ta tsaya da ƙafarta dodon kuma ya faɗi, littafin dokoki ya ce ka ci.

A nan ne tambayarmu ta taso, ya kai mai karatu. Wanda ya fita daga masifa shi kaɗai, ya bar gawarwaki a bayansa, nasara ya yi ko kuwa tsira kawai ya yi?

Kafin a amsa, ya kamata a yi wa masu tsara wasan adalci, domin ba su bar maganar haka kara zube ba. Sun sanya dokoki biyu masu hikima. Ta farko, duk lokacin da dodon ya kashe mutum guda, ƙishirwar jininsa takan ƙaru, sai ya ƙara sauri da ƙarfin duka. Ta biyu, duk mutumin da yarinyar ta fitar lafiya akwai tukuicin da za ta samu, in kuma ta ceci adadin da aka ƙayyade mata sai ta samu wani ƙarfi na musamman. Watau dai wanda ya ce kowa tasa ta fisshe shi, ya ɓuya a lungu yana tara makamai, zai fito ya tarar da dodon da ya bari ɗan ƙarami ya riƙa ya zama ƙasurgumi, kuma da naman waɗanda ya yi watsi da su ne ya yi wannan ƙibar. Babu shakka wannan darasi ne na gaskiya. Haka gobara take, haka annoba take, haka ma zalunci yake. Duk wanda aka bari suka ci, ƙarfin cin na gaba suke ƙarawa. A wannan gaɓa dai mutanen Awe sun yi gaskiya.

Sai dai fa akwai wani abu da ya saura. Idan ceton jama'a yana ƙara maka ƙarfi yana rage wa dodo, ashe ke nan mai tsananin son kai ma zai cece su, ba don tausayi ba, sai don lissafi. Masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya kawo wani misali mai kama da wannan a wani littafinsa na 1785. Ya ce a ɗauki mai kanti wanda ba ya cutar kowa a farashi, har yaro ƙarami in ya zo saye. Aikinsa daidai ne, to amma in dalilinsa shi ne tsoron kada masu saye su guje shi, ba za a ce gaskiya ce ta riƙe shi ba, ciniki ne ya riƙe shi. Ranar da ya tabbata cutar ba za ta taɓa kasuwarsa ba, ranar ce za a san ko wane ne shi. Mu ma muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma gaskiya ne. Amma wanda yake shuka alheri yana ƙirga ranar girbi, ɗan kasuwa ne da rigar mai kirki.

Saboda haka wurin da wasan ya fi ƙayatar da ni shi ne inda lissafin ya ƙare. Akwai zagayen da lokacin da ya rage bai isa abu biyu ba. Ga gatari can a ɗaki na gaba, ga kuma mutum biyu a kan hanyar dodon, kuma ka san cewa in ka juya gare su gatarin ya kuɓuce maka, wataƙila wasan ma gaba ɗaya. Babu mai kallonka, babu abokin karawa da zai yi maka dariya ko ya yaba maka. Aflatun ya taɓa kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zoben da ke ɓatar da mutum daga ganin jama'a, aka tambaya ko akwai mai adalcin da zai riƙe adalcinsa in ya samu irin wannan zobe. Mai wasa shi kaɗai a ɗaki da zoben nan a yatsansa yake zaune.

Na san wani zai ce, "Haba Malam, ai katako ne! Wane alhaki ne a kan wanda ya bar guntun icce ya faɗi?" Wannan magana daidai ce, kuma ba na cewa wanda ya zaɓi gatari mugu ne. Katako ba shi da haƙƙi a kan kowa, kuma wasa wasa ne. Amma mu marubuta mun fi kowa sanin cewa abin da ba shi da rai yana iya taɓa rai. Tawada ce a kan takarda take sa mai karatu hawaye. In mutum ya ji ɗan wani abu ya soki zuciyarsa lokacin da ya ɗauke ɗan katakon nan daga taswira ya ajiye a gefe, to wannan sukar ita ce ribar wasan, domin ta nuna masa cewa yana da wani ma'auni a ƙirjinsa wanda ya bambanta da na littafin dokoki.

Domin mu ga iyakar ma'aunin littafin dokoki, bari mu fita daga wasa mu dubi abin da ya faru da gaske. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola, aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa. Likitar da ta duba shi, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ta yi zargin cutar, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta na wannan shekara. Mutum 20 ne cutar ta kama a Nijeriya, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙasar ta rabu da ita. In da dokar wasanmu za a auna wannan baiwar Allah, sai a ce ta faɗi, tunda dodon ya kashe ta. Amma wane mai hankali ne zai ce haka? Birni mai miliyoyin mutane ya kwana lafiya saboda ƙofar da ta tare. Ashe ke nan ana iya rasa rai a ci nasara, kamar yadda ake iya tsira da rai ba a ci komai ba.

Magabatanmu ma da wannan ma'auni suka yi awo. A labarin Bayajidda, kamar yadda tarihin baka ya zo da shi, ba a ɗaukaka shi don ya fuskanci macijin rijiyar Kusugu ya fita da ransa ba. An ɗaukaka shi ne don mutanen Daura, waɗanda a da sai rana ɗaya a mako suke samun ɗibar ruwa, sun wayi gari rijiya ta zama tasu. Da a ce ya kashe macijin bayan ƙishirwa ta gama da garin, wa zai ba da labarin, kuma wa za a ba?

Kada a fahimce ni a baibai. Tsira ba laifi ba ne. Kare rai wajibi ne, kuma ba kowa aka ɗora wa ya zama gwarzo ba. Wanda ya gudu daga harin da ba shi da ikon tarewa, ya tsira 'yan'uwansa suka halaka, bai kamata ya ɗauki nauyin jininsu ba, nauyin yana wuyan makashi. Irin waɗannan bayin Allah lallashi suke bukata, domin sau da yawa su da kansu suke tuhumar kansu. Abin da nake cewa kawai shi ne a kira kowane abu da sunansa. Tsira ni'ima ce da ake gode wa Allah a kanta. Nasara kuwa ana ƙirga ta ne da yawan waɗanda suka fita tare da kai.

To, mu da muke riƙe da alƙalami, ko muke koyon riƙe shi, mene ne namu a ciki? Abu biyu nake gani. Na farko, mu dubi yadda muke yi da ƙananan taurarin labaranmu. Sau nawa muke kashe direba a haɗarin mota, ko mai gadi a hannun 'yan fashi, cikin layi ɗaya, ba suna ba dangi, don kawai jarumi ya samu hanyar wucewa, sa'an nan a shafi na gaba a ci gaba da shirin biki? Marubucin da ya yi haka ya mayar da mutanensa 'yan katako, ya kuma koya wa mai karatu cewa akwai rayukan da ba a ƙirgawa. A ba mai gadin nan suna, a ba shi 'yar da ke jiran ya kawo mata ƙosai da safe, a bar jarumin ya kwana yana tunaninsa.

Na biyu, mu rage gaggawar biyan mai kirki ladansa a babin ƙarshe. Mun saba duk wanda ya yi haƙuri sai mun aurar masa da 'yar attajiri, duk wadda ta yi biyayya sai mun gina mata bene. Yaron da ya tashi da irin waɗannan labarai zai ɗauka alheri adashi ne, ranar da ya zuba bai kwasa ba sai ya daina zubi. Mu gwada rubuta wanda ya juya ya bar gatari, ya ja mutum biyu zuwa ƙofa, ya kuma biya da abin da ba zai dawo ba, mu bar mai karatu da kansa ya yanke hukuncin ko ya faɗi ko ya ci. Irin wannan labari ya fi wuyar rubutawa, amma shi ne yake zama a zuciya bayan an rufe littafi.

Allah Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani ga jama'a, amin.