Kuɗin Haya: Duk Abin da Kasuwa Ta Ɗauka Adalci Ne?



Kwanakin nan da wuya a idar da sallah ba a ji wani yana kukan ƙarin kuɗin haya ba. In an tambayi mai gida sai ya ce, "Ai kasuwa ce."

Gaskiya akwai dalilai. Legas kullum ƙara cika take, fili kuwa ba ya haihuwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, siminti da rodi da kwano suka yi tashin gwauron zabi. Gadar Pen Cinema da jirgin ƙasa na Red Line sun ƙara wa Agege daraja. Ɗakin da ke kusa da kasuwa, mai ruwa da mita, wanda ambaliya ba ta shiga, dole ya fi tsada. Mu ma da namu hannun, domin kowa so yake ya zauna kusa da masallaci da 'yan'uwa, sai mu yi ta rububin layuka kaɗan.

To amma mu dubi kanmu. A cikinmu akwai masu gidaje, akwai dillalai, akwai masu kama gida sukutum su raba ɗakuna. Wanda ya gyara rufi ya haƙa rijiya, ƙarinsa yana da hujja. Wanda ko fenti bai shafa ba, ya ninka kuɗi don ya san mai iyali ba shi da wurin zuwa fa? Wannan ba siminti yake sayarwa ba, matsuwar ɗan'uwansa yake sayarwa.

Ya zo a hadisi cewa da kaya suka yi tsada a Madina, Annabi (SAW) bai yarda ya ƙayyade farashi ba. Amma shi ne kuma ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙi wajen saye da sayarwa da biyar bashi. Ashe an bar mana kasuwa ne, ba a sauke mana hisabi ba.

Dokar haya ta Legas ta 2011 ma ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a unguwanni irin namu. Mu kiyaye ta. In ƙari ya zama dole, mu sanar da wuri, mu yarda a biya kashi-kashi. 'Yan haya kuma mu biya a kan lokaci, mu kula da gidan mutane.

Dukanmu baƙi muka zo garin nan, wani ne ya fara ba mu wurin kwana. Allah ya sa mu tuna.

Sakataren Masallaci