Motar da Ta Ƙi Tashi: Ƙaddara ko Sakaci?

Da hunturu, lokacin da ake lodin rake daga Dandamisa da sauran ƙauyukan Makarfi, sau da yawa tsohuwar Kanta kan ƙi tashi da asuba. Direba ya murɗa makulli, a ji ƙas, sai shiru. Tun ba a duba batir ba, wani zai ce Allah bai nufa a yi tafiyar ba, wani ya ce baki ne ya kama motar. A ganina, faɗin haka kafin bincike sakaci ne, ko da an kira shi tawakkali.

Mota tana faɗin ciwonta ga mai saurare. A kunna fitila, a murɗa makulli. Idan hasken ya dushe, to batir ya yi sanyi, ko kuma farin garin nan mai kama da kanwa ya cinye kansa, wuta ba ta wucewa. Idan fitila na nan tangaram amma kik bai motsa ba, laifin yana tsakanin makulli da kik. Lafiyayyen batir kan nuna volt 12.6, sanyi na rage masa ƙarfi, ya kuma sa baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa. Shi ya sa matsalar ke tsananta da hunturu. Da baki ne, me zai sa ya jira sanyi?

Mai ilimi zai iya cewa: ai a tauhidin da ake karantawa a zaurukan Zariya, wuta ba ta ƙonawa da kanta, balle batir ya tayar da mota. Gaskiya ne, kuma na yarda da shi. Amma Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, a cikin sharhinsa na Ummul Barahin ya kasa hukunci gida uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Na al'ada shi ne alaƙar da ake ganewa ta maimaituwa, wadda Allah ke gudanarwa, kuma Yana da ikon saɓa ta. Abin da aka kore shi ne cewa batir na da tasirin kansa, ba a kore tsarin ba. Mai wayarin da ke bin waya ɗaya bayan ɗaya, tsarin Ubangiji yake karantawa.

Wani zai ce akwai ranar da bakanike ke rasa dalili, can motar ta tashi da kanta. Rashin gano dalili daban, rashinsa daban. Galibi wayar at ce ta saki, ko burushin kik ya cinye, shi ya sa bugu ɗaya da sifana ke farfaɗo da shi. Kuma abin ya shafi haƙƙin mutane: raken manomi na bushewa a bakin hanya, kasuwa na wucewa, yaran mota na turin lodi kullum safiya, alhali kankare kan batir da ɗaure waya ɗaya zai wadatar.